Yadda saƙo ke isa lafiya a kan hanyar da ba ta da lafiya

Wani malamin fasahar sadarwa ne ya gabatar da wannan lacca a Garwa ta ƙasar Kamaru, a taron matasa masu gyaran waya da ɗaliban kwamfuta, bayan sallar la'asar. An rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya, an cire wuraren da ƙarar babura ta danne murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Malamaina, a gafarce ni. Ƙannena masu gyaran waya da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Ina so ku tuna ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi. Ranar da rezo ya yi nauyi, saƙo ya ƙi tafiya, masu tura kuɗi ta waya suka zauna suna kallon allo. Wasunku an kawo muku wayoyi a ce ku duba, alhali lafiyarsu lau. Abin da ya faru yana can ƙarƙashin teku, a gaɓar Kodebuwa: igiyoyin intanet huɗu suka samu matsala kusan lokaci guda, wato WACS da SAT-3 da ACE da MainOne. Biyu daga ciki a ƙasarmu suke fitowa tudu, SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe. Igiya ta katse a can, mai sayar da albasa a nan Garwa ya kasa karɓar kuɗinsa.

Amma ni tambayar da na zo da ita daban ce. Me ya sa a sauran ranaku saƙon ke isa? Ku da kuke buɗe cikin waya kun san irin wahalar da take sha, ga ƙura ga zafi, ga wuta ta zo ta ɗauke. Eriya tana can a kan ƙarfe rana na gasa ta. Igiyar fiba tana kwance a gefen titi tun daga kudu, ta hau tudun Ngaundere, ta gangaro, ta tsallake Binuwai, ta wuce Marwa da Kuseri, kuma duk mai haƙa rami zai iya datse ta. Babu abu ɗaya a wannan jeri da za ka rantse a kansa. Duk da haka ka tura hoton takarda Njamena, ya isa babu harafin da ya ɓace. Wasu mutane ne suka zauna suka yi tunanin wannan, suna da sunaye, kuma da yawansu sun rubuta dabarar a takardar mallakar ƙirƙira, wadda a ofis ake ce mata brevet. A kan waɗannan takardun zan yi magana, da abin da za mu iya ci da su mu nan arewa.

Mu fara da Paul Baran, injiniya a cibiyar RAND ta Amurka. A farkon shekarun 1960, lokacin da ake zaman ɗar-ɗar tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, ya lura cewa layukan tarho duk suna haɗuwa a 'yan manyan cibiyoyi. A rushe cibiya, kowa ya yi shiru. A rahotanninsa na 1964 sai ya ce a yi hanyoyin kamar ragar masu kamun kifi, kowane ƙulli yana haɗe da maƙwabta uku ko huɗu, sannan a yayyanka saƙo ƙanana, kowane yanki ya nemi hanyarsa. A Ingila kuma Donald Davies ya kai ga wannan tunani a 1965 ba tare da ya san da aikin Baran ba, shi ne ya raɗa wa yankin suna fakiti, wato ƙunshi.

Duk ɗan kasuwar da ke nan ya riga ya san wannan dabara. Kana da buhu ɗari na albasa za su Duwala. In ka ɗora su a mota ɗaya ta faɗi a gangaren Mbe, ka tashi da hannu biyu. To sai ka raba wa motoci biyar. Kowane buhu ka rubuta masa sunan mai karɓa da lamba, daga 1 zuwa 100. Yaronka da ke can yana ƙirgawa, ya bugo ya ce, Alhaji, an samu har 63, amma babu 41. Ba za ka sake tura ɗari ba, na 41 kaɗai za ka maye. In ka ji shiru ya yi yawa, ka ɗauka kaya bai isa ba, ka sake turawa. In kuma daga baya tsohon 41 ya ɓullo, yaron ya ga lambar ta zo sau biyu, ya ajiye ɗaya gefe. Wallahi wannan shi ne ƙashin bayan abin da ake kira TCP, ƙa'idar da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa a watan Mayu 1974. Sun amfana da aikin wani Bafaranshe, Louis Pouzin, mai tsarin CYCLADES, wanda ya dage cewa kada a ɗora wa hanya nauyin amana. Hanya ta yi iya ƙoƙarinta kawai, mai turawa da mai karɓa su ne za su tabbatar kaya ya cika. Ina son wannan magana ƙwarai, don ita ce ta sa intanet ke iya bi ta kan kowace irin hanya, mai kyau da maras kyau, har irin tamu.

Ku riƙe wannan: Cerf da Kahn ba su karɓi takardar mallaka a kan TCP ba. Sun bar shi a buɗe. Zan dawo kansa.

Yanzu idan buhun ya iso amma ruwa ya taɓa shi fa? A waya, saƙo jerin sifiri da ɗaya ne, kuma tsawa ko raunin rezo na iya juya sifiri ya koma ɗaya. Richard Hamming yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Yakan bar wa na'ura lissafi ranar Juma'a, ya dawo Litinin ya tarar ta gano kuskure tun farko, ta watsar da aikin. Abin ya ishe shi. Ya ce in har na'ura ta iya gane akwai kuskure, me zai hana ta gane inda yake ta gyara? Ya wallafa amsar a 1950, kuma a 1951 aka ba shi takardar mallaka tare da abokin aikinsa Bernard Holbrook, lamba 2,552,629 a Amurka.

Bari in nuna muku a allo. Ga littafin bashi na mai kanti, layi huɗu a kwance, huɗu a tsaye. A ƙarshen kowane layi na kwance ya rubuta jimla, a ƙasan kowane na tsaye ma ya rubuta jimla. Wani ya zo ya canza lamba ɗaya. Ka sake tarawa, sai ka ga layi na biyu a kwance bai yi daidai ba, na uku a tsaye ma bai yi daidai ba. Inda suka gitta, nan ɓarnar take, kuma jimlar za ta gaya maka ainihin lambar. Ba ka tambayi kowa ba, littafin ya gyara kansa. Dabarar Hamming ta fi wannan tsimi, a kan kowane huɗu ƙarin uku kawai take buƙata, amma tunanin ɗaya ne: ka ƙara ɗan kaya a kan saƙo domin ya iya kare kansa a hanya.

Wannan fanni ya yi ta tafiya har 1993, lokacin da wasu malamai daga wata makarantar sadarwa a Brest ta Faransa, Claude Berrou da Alain Glavieux da ɗalibinsu Punya Thitimajshima ɗan Tailan, suka je taro a Janiba da abin da suka kira turbo. Sakamakon ya yi kyau har manyan masana suka ɗauka kuskuren lissafi ne, sai da suka koma suka gwada da kansu. To amma ku lura da tsarin Berrou: tun 1991 aka shigar da takardar mallaka, shekara biyu kafin a yi magana a bainar jama'a. Da 3G da 4G suka ɗauki turbo, masu ƙera waya suka riƙa biyan France Télécom, kamfanin da ke riƙe da takardar. Wayar da ka saya a wancan lokaci, akwai ɗan abin da ya tafi can daga kuɗinta. A gefe guda kuma ga Robert Gallager, wanda ya ƙirƙiro wata dabarar mai suna LDPC a kundin digirinsa na jami'ar MIT ta Amurka a 1960. Na'urorin zamanin ba su da ƙarfin aiki da ita, aka manta da ita shekara talatin da wani abu, sai a shekarun 1990 aka tono ta. Yau ita ke cikin Wi-Fi, ita ke ɗaukar bayanai a 5G. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai takardar da na fi so a cikinsu duka, ita na kwafo muku. Lamba 4,063,220, an bayar da ita ranar 13 ga Disamba 1977 ga mutum huɗu na kamfanin Xerox: Robert Metcalfe, David Boggs, Charles Thacker da Butler Lampson. Ita ce Ethernet, wannan igiyar da kuke cusa wa kwamfuta a siba. Matsalar da suka warware ita ce, kwamfutoci da yawa a kan igiya ɗaya, babu shugaba mai ba da izinin magana. Ya za a yi? Ku dubi majalisar dattawa a ƙofar gida bayan isha'i. Ba mai riƙe da sanda yana cewa wane yi magana. Kowa yana saurare, in ya ji shiru sai ya fara. In biyu suka fara tare, duk su tsaya. Da a ce kowannensu zai jira daidai numfashi uku, da sun sake karo. To sai Metcalfe ya ce kowace na'ura ta jefa ƙuri'a a cikinta, ta jira lokacin da ƙuri'ar ta ba ta. In aka sake karo, a ninka tsawon abin da ake zaɓa a ciki. Majalisa na ƙara cika, kowa na ƙara haƙuri. Ya samo tushen tunanin daga ALOHAnet na Norman Abramson, wanda ya haɗa tsibiran Hawai da rediyo a 1971, amma sauraro kafin magana da ninka jira su suka sa abin ya yi aiki sosai a kan igiya.

Ga inda darasin kasuwa yake. Xerox na da takarda a hannu, tana iya rufe ƙofa ta ce kowa ya biya da tsada. Sai ta haɗa kai da kamfanonin DEC da Intel a 1980 suka wallafa ƙa'idar, aka ba duk mai so izini da ɗan kuɗi kaɗan. A lokacin akwai kishiya mai ƙarfi, Token Ring, wadda IBM ke turawa, kuma wani ɗan Suwidin, Olof Söderblom, yana karɓar kuɗi a kanta saboda takardarsa. Injiniyoyi da yawa a lokacin suna ganin Token Ring ta fi tsari. Amma Ethernet ta fi araha, masu ƙera ta sun fi yawa, farashi ya yi ta sauka. A cikinku akwai wanda ya taɓa ganin Token Ring da idonsa? Babu hannu ko ɗaya. To kun gani.

Haka TCP ya yi da kishiyoyinsa na manyan kamfanoni. Ranar 1 ga Janairu 1983 cibiyar ARPANET ta Amurka, kakar intanet, ta koma kansa gaba ɗaya. Kuma da yake a buɗe yake, da ya yi ciwo kowa ya iya duba shi. A Oktoba 1986, tsakanin wani ɗakin bincike da jami'ar Berkeley, tazarar da ba ta kai rabin kilomita ba, gudun saƙo ya faɗo daga sifiri da ɗaya 32,000 a daƙiƙa zuwa 40. Dalili? Hanya ta cushe, kowa ya ji shiru, kowa ya sake turo kayansa, cunkoso ya ƙaru, aka sake turowa. Dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Van Jacobson ya gyara a 1988: ka fara da kaɗan, kana ƙarawa, da ka ga kaya ya ɓace ka rage rabi. Lokacin da kuke ganin bidiyo ya ɗan dushe sannan ya washe, irin wannan ja da sassautawa ne ke gudana a ƙasa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce takardar mallaka ba ta da amfani. Hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta samu takarda a Amurka a 1996 a kan dabarar da ke hana amsa-kuwwar rediyo ɓata saƙo a cikin ɗaki. Masu Wi-Fi suka yi amfani da ita, aka je kotu, aka biya hukumar ɗaruruwan miliyoyin daloli, kuɗin ya koma bincike. Wanda ya yi gumi ya ci guminsa, wannan adalci ne. Abin da nake cewa, sadarwa sana'a ce da ba a yin ta mutum ɗaya. Na'urarka ba ta da amfani sai ta wani ta fahimce ta. Shi ya sa a wannan fanni, wanda ya ƙulle dabararsa da kwaɗo biyu yakan wayi gari shi kaɗai a ɗaki.

Akwai kuma abin da babu takardar da ta warware shi, kuma ku masu shagon tura kuɗi kullum kuna fama da shi. Sarakunan yaƙi biyu, ɗaya a wannan gaɓar kogi, ɗaya a waccan, dole su kai hari tare ko a cinye su. Na farko ya aika manzo a kwalekwale: gobe da asuba. Bai san ko manzo ya isa ba sai an dawo masa da amsa. Na biyu ya aiko amsa, shi ma bai san ko ta isa ba sai an amsa masa amsar. Haka za a yi ta yi. Tun shekarun 1970 masana suka tabbatar da lissafi cewa in dai manzo na iya nutsewa, babu adadin saƙon da zai ba duka biyun yaƙini. Na taɓa tura wa ƙanwata kuɗin magani tana asibiti, aka cire a wajena, ita ba ta gani ba, rezo ya ɗauke a tsakani. Daren nan ban runtsa ba. Ban sake turawa ba, don na san abin da ke faruwa: saƙon ya tafi, amsar ce ta nutse. Washegari kuɗin ya shiga. Maganin da injiniyoyi suka samu shi ne wannan doguwar lambar da ke zuwa da kowace hada-hada. Da ita na'ura ke gane cewa wannan saƙon ta taɓa ganinsa, kada ta biya sau biyu. Don Allah ku koya wa abokan cinikinku kada su goge ta.

To, mu dawo gida. Mene ne takardar mallaka? Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Hukuma ta ce, za mu hana kowa kwaikwayonka har shekara 20, kai kuma ka rubuta dabarar dalla-dalla yadda mai sana'ar zai iya yin ta, mu wallafa kowa ya karanta. Shekara 20 ta cika, ta zama ta kowa. Ta Hamming ta ƙare, ta Ethernet ta ƙare, ta turbo da ta CSIRO duk sun ƙare. Suna nan kyauta a shafukan intanet na Espacenet da Google Patents da Patentscope, da zane da bayani, wasu ma da Faransanci. Abin da ke ci mini rai ke nan. Muna kukan babu littattafai a makarantunmu, ga ɗakin karatu mai miliyoyin takardu a cikin wayar da muke kallon ƙwallo da ita.

Na biyu, takarda tana da iyakar ƙasa. Ta Amurka a Amurka take aiki. Mu tamu hukumar ita ce OAPI, kuma hedikwatarta a nan ƙasar take, a Yawunde. Tushenta yarjejeniyar Libarabil ta 1962, sannan ta Bangi ta 2 ga Maris 1977. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Kamaru da Cadi da Nijar. Ka shigar da takarda ɗaya, ta kare ka a dukansu. Najeriya ba ta ciki, don haka mai son kasuwar Yola ko Mubi sai ya yi nata daban.

Me za mu ƙirƙira? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗancan mutane sun yi aikinsu ne da zaton wuta ba ta ɗaukewa, kuma amsa na dawowa cikin ƙiftawar ido. Mu muna da ƙauyukan da rezo sai an hau tudu, da asibitin karkara da damina ke yanke shi wata guda. Akwai fannin da ake kira sadarwa mai jure jinkiri, inda na'ura ke ajiye saƙo har sai ta samu mai wucewa. An yi shi don kumbon sama jannati, amma a Indiya da Kambodiya an gwada shi da motocin haya da babura: a ɗaura wa babur ƙaramar na'ura, in ya ratsa ƙauye ta kwashi saƙonni, in ya shiga gari ta sauke. Babura nawa ke fita daga Garwa zuwa Pitowa ranar Lahadi? Arthur Zang, ɗan ƙasar nan, ya dubi ƙarancin likitocin zuciya ya ƙera Cardiopad, wadda ke auna bugun zuciya a karkara ta aika wa likita a birni ta layin waya. Daga matsalar gida ya fara.

Kuma in mun samu zama da masu mulki, mu gaya musu maganar Baran ta 1964 har yau ba ta iso arewa ba. Raga ya ce a yi. Mu kuwa kusan zare ɗaya ne ya taso daga teku ya ratsa mu, 'yan'uwanmu na Cadi ma da yawan intanet ɗinsu ta nan yake bi. Duk hikimar TCP, in babu hanya ta biyu, sai dai ya yi ta sake turawa cikin rami.

Na ga hannu a baya. Bismillah, ɗana.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na haɗa wata 'yar na'ura da ke kunna eriyar Wi-Fi da batirin sola in wuta ta ɗauke, ba tare da layi ya yanke ba. In sa bidiyonta a Facebook don in samu masu saye?

Kada ka sa tukuna. Sharaɗin farko na takarda shi ne abin ya zama sabo, kuma in ka nuna wa duniya yadda yake aiki kafin ka shigar, kai da kanka ka kashe sabuntarsa. Ka tuna Berrou, 1991 takarda, 1993 magana. Ka fara da bincike a Espacenet, mai yiwuwa wani ya riga ka, in haka ne ka huta da kashe kuɗi kuma ka koyi yadda ya yi. In ba a riga ka ba, a OAPI akwai ƙaramar takarda da ake ba irin waɗannan gyare-gyaren na'ura, tana kare ka shekara 10. Ka kuma sani takarda tana da kuɗin da ake biya duk shekara, in ka daina ta mutu, don haka ka yi lissafi ko cinikin zai ɗauki nauyinta. Ka zo da na'urar ranar Asabar mu duba tare, kada ka buɗe ta a gaban taro.

Ga shi an fara kiran magariba. Kwafin takardar Ethernet guda goma ne kawai, suna wajen ƙofa, ku raba biyu-biyu. Ku fara da zanen farko, ku nemo inda na'ura ke gane an yi karo. Wanda bai samu ba ya rubuta lambar a hannunsa: 4,063,220. Subhanakallahumma wa bihamdika. Assalamu alaikum.